Tuban Naomi Mai Waina

Dutsin-Ma,
Watan Safar.

Zuwa ga ƙanwata Na'ima,

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarki Ruth. Ya ruwa a wajenku? Nan dai damina ta zauna, gero ya fara fid da kai a bayan makarantar da maigidana Malam yake koyarwa. Ƙafata ta yi sauƙi, sai in na daɗe a zaune take ɗan motsawa. Malam yana gaishe ki.

Kin san ni da waya ba mu cika shiri ba. Kunnena na hagu ya ƙara nauyi, sai in yi ta cewa na'am, ban ji rabin abin da aka faɗa ba. Shi ya sa na koma ga biro, tunda Allah ya haɗa mu da Sanda direba, wanda yake lodi a tashar Kawo kusa da rumfarki.

Shi Sandan ne ya tayar min da hankali. Na tambaye shi ke, ya ce lafiya lau, amma yana faɗa yana kallon tayar motarsa. Da na matsa, sai ya ce kwanan nan in ya wuce, bencinki duka biyu ba kowa, alhali da sai mutum ya ci wainarki a tsaye. Ya ce kuma kin rame. Ban nemi dalili a wurinsa ba, don ba na son jin maganarki a bakin wani, ba na kuma son in sa bawan Allah ya ɗauki alhaki.

Ki faɗa min da kanki. Kakata da kakarki nono ɗaya suka sha a Kachia. Tawa aure ya kai ta Zariya ta musulunta, taki ta zauna gida ta shiga coci tare da mutanen garinsu, amma ba su taɓa yanke zumunci ba. Ni kuma tun ranar da aka kawo ki gidanmu na Unguwar Dosa don ki yi makaranta, da ɗan akwatinki na ƙarfe, na ɗauke ki ƙanwa. Kin tuna ni na fara kiranki Na'ima? Na dawo daga makarantar allo, Inna ta ce ga baƙuwa, sunanta Naomi. Bakina ya ƙi juyawa, na ce ai Na'ima ake nufi, mai ni'ima. Kika yi dariya kika amsa.

In kin sami sarari ki leƙa min 'yata Hassana a Unguwar Dosa. Cikinta ya tsufa, ga shi na fari.

Taki,
Yaya Harira.

*

Kawo, Kaduna,
Agusta.

Yaya Harira,

Na gaishe ki da kyau, a gaida Malam. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Muna lafiya. Ruth tana hutu a Kachia wurin kawunta. Na leƙa Hassana, ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma tana cin abinci har da neman ƙari.

Sanda bai yi ƙarya ba. Bari in ɗauko miki daga tushe.

Kin san bayan rasuwar maigidana Ezra na kafa rumfar nan. Ranar farko wani ya tambayi sunana, na ce Na'ima, don shi ya fi sauƙi a baki, shi kuma na saba ji a gidanku. Ina yafa gyale kamar kowa. Ban taɓa ce wa mutum ni Musulma ce ba, amma ban taɓa cewa ba ita ba ce. Waina ta safe ce, kafin a kira azahar na tashi. Lahadi ba na fitowa, sai aka ɗauka hutu nake yi.

To, wata Lahadi mu 'yan zumuntar mata muka fito daga sujada za mu gaida wata mara lafiya. Duk mun ɗaura zanenmu iri ɗaya mai hoton gicciye, ni ce ma ke riƙe da tulun da muke kaɗawa in muna waƙa. A bakin titi muka yi kiciɓis da Bara'atu mai ƙosai, wadda rumfarta ke jikin tawa, wadda muke ba juna wuta da gishiri. Ta kalle ni, ta kalli zanen, ta ce, "Na'ima, biki ake yi?" Na ce mata, "E, biki ne." Kin ji abin da ya fito daga bakina, Yaya.

Washegari duk tasha ta ji. Aka sa min Na'imar Lahadi. 'Yan kamasho in za su wuce sai su kifa galan suna kaɗawa, suna cewa, "Halleluya, a zuba mana waina." Wani ya ɗago ƙashi daga miyar taushe da cokali, ya ce, "Mama, wannan dabbar tana haushi kafin a yanka ta?" Alhali a wurin Malam Labaran mahauci nake sayen nama, inda su ma matansu ke saya. Bara'atu ta ja murhunta nesa. Ta ce ita ba addinina ya dame ta ba, shekara da shekaru tana buɗe min cikinta, ashe ba ta san da wa take magana ba. Ƙanenki Hamisu yana shagonsa na kayan gyaran mota, yana jin komai, ya ci gaba da harkarsa. Ban ga laifinsa ba.

Matan cocinmu sun ce in tattara in haye gada, in koma unguwar Sabo cikin 'yan'uwa Kiristoci. Har ɗaki na je na duba. Amma nan Ezra ya ajiye ni, nan na san kowa, nan kuma nake ci da Ruth.

Ba dariyarsu ce ta ramar da ni ba. Zama na yi na dubi shekarun nan, na ga na daɗe a kan hanyar da ba ta gaskiya ba, kuma Allah yana kallona. Na yi kuka, na roƙi gafara. Yaya, na tuba. Na yanke shawara ba zan ƙara ɓoyewa ba, sai dai ina neman ƙarfin zuciyar da zan faɗa a gaban mutane.

Sanda ya cika mota, yana ta danna hon. Sauran bayani sai ya dawo.

Ƙanwarki.

*

Dutsin-Ma,
Ƙarshen Safar.

Zuwa ga ƙanwata Na'ima,

Assalamu alaikum. Yau da bakina cike nake miki wannan sallama. Lafiyarmu ƙalau, ƙafar ma na manta da ita.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a tsakar gida. Raina ya ɓaci da abin da aka yi miki, musamman maganar nama, Allah ya shirya su. Amma da na kai inda kika ce kin tuba, sai na zauna a kan turmi, hawaye ya hana ni ganin sauran da kyau. Na yi alwala na yi nafila ta godiya. Ban taɓa matsa miki ba, ke shaida ce, Inna ma ba ta taɓa ba. Ita ce ma take tashin ki ranar Lahadi kada ki makara coci. Amma a zuci na daɗe ina roƙon wannan rana.

Tunda kin ce ƙarfin zuciyar faɗa wa mutane kike nema, na ɗauke miki wannan nauyi. Na sa Malam ya kira min Hamisu a waya, na ce ya tsaya miki, ya nemi limamin masallacin tasha a yi abin a gaban shaidu yadda ya dace. Ga hijabi nan da carbi na ba Sanda. Hijabin ruwan toka ne, ba ya nuna hayaƙi.

Sai dai akwai magana ɗaya da ba zan iya haɗiyewa ba. Ki bincika zuciyarki. Idan don benci ya sake cika ne, ko don 'yan kamasho su yi shiru, ki dakata tukuna. Allah ba ya karɓar abin da aka yi don idon mutane, kuma ba na son a ce yunwa ce ta kawo min ƙanwata. Idan kuwa don shi ne, to barka da zuwa.

Taki,
Yaya Harira.

*

Kawo, Kaduna,
Satumba.

Yaya Harira,

Na gaishe ki, a gaida Malam. Jikina lafiya. Ruth ta dawo ta koma makaranta. Ki gafarce ni da na daɗe ban rubuta ba. In na ɗauki biro sai in ajiye.

Wayarki ta riga wasiƙarki isowa, don haka ban san komai ba. Ranar na fito na hura wuta, tanda ta yi zafi, na ɗaga kai sai na ga benci duka biyu sun cika, har da masu tsayuwa. Bara'atu ta jawo murhunta ta dawo jikina, ta rangaɗa guɗa, ta rungume ni. Ta ce, "Barka, 'yar'uwa. Ashe kin tuba. Ki yafe min duk abin da na ce." Mai maganar haushin nan ya miƙo kwano yana cewa, "Hajiya Na'ima, a fara da ni." Kafin in gane kan zancen, sai ga Hamisu da sabuwar hula, yana gaba, Liman yana biye. Ya ce, "Yaya ta faɗa min komai. Ga Malam Liman zai biya miki kalmar shahada."

Sai a lokacin na gane. Yaya, tuban da na rubuta miki ba wannan ba ne. Mu ma a coci haka muke cewa in mutum ya yi zunubi ya dawo ga Allah. Ranar da na ce wa Bara'atu biki ne, ban iya runtsawa da kirki ba. Lahadin da ta biyo, Fasto ya yi wa'azi a kan wani mai bi da ya zauna jin ɗumi a bakin wuta, aka tambaye shi ko ya san Ubangijinsa, tsoro ya sa ya ce bai san shi ba. Ni kuwa kullum a bakin wuta nake. Hanyar da na ce ba ta gaskiya ba, ɓoyewar nan nake nufi. Gaggawar Sanda ce ta sa ban ƙarasa miki ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin rungumar nan. Na ga ƙullu zai ƙare kafin hantsi, abin da rabona da gani tun kafin ruwa ya zauna. Wata zuciya ta ce in sunkuyar da kai kawai, in bi bakin Liman, ai ba wanda ke ganin ciki. Ina tsaye da ludayi a hannu har waina ta fara ƙauri.

Sai na ajiye ludayin, na durƙusa wa Liman, na ce, "Malam, ka yi haƙuri da wahalar da aka ba ka, ba a fahimce ni ba ne. Sunana Naomi. Ni Kirista ce, mai bin Yesu Almasihu, a haka aka haife ni, a haka nake so in mutu. Na ɓoye muku, wannan shi ne laifin da na tuba daga gare shi. Ku yafe min ɓoyewar. Bangaskiyar kuwa ba zan nemi gafarar kowa a kanta ba."

Har na bayan layi sun ji.

Can wani ya ce, "Wannan tuban irin na Keke Napep ne, ya yi kwana ya dawo inda ya tashi." Aka fashe da dariya. Wani ya tofar da lomar da ke bakinsa a gabana. Ban ga ƙafar da ta shuri robar ƙullu ba, sai gani na yi yana malala cikin taɓo. Bara'atu ta saki hannuna a hankali. Liman ne ya ɗaga murya, ya ce, "Baiwar Allah ta faɗi gaskiyarta, ba ta zagi kowa ba. Wanda ya zubar mata da abinci ya ji tsoron Allah. Ku watse." Hamisu ya tsaya har kowa ya tafi, ya ce, "Kin kunyata ni, kin kunyata Yaya." Ya cire sabuwar hular ya riƙe a hannu ya wuce.

Na tsuguna ina wanke robar, sai na ji ƙirjina sakayau, kamar an sauke min tulu daga ka. Ban san yadda zan bayyana miki ba. Na rasa ciniki a ranar, amma na koma gida ina waƙa.

Da yamma Sanda ya kawo wasiƙarki. Na karanta inda kika ce kada in yi don benci ya cika. Yaya, ashe na bi maganarki tun ban gan ta ba.

Hijabin yana nan cikin ledarsa. Ina tsoron in mayar miki ki ga kamar jifa na yi. Ina nan ina fitowa kullum, da ɗan ƙullu kaɗan. Abu ɗaya nake son ji daga bakinki. Ƙanwar da kika ɗauka, Na'ima ce kaɗai, ko har da ni?

Ƙanwarki,
Naomi.

*

Kawo, Kaduna,
Satumba.

Yaya Harira,

Ina gaisuwa. Ina fata ba ƙafar ce ta tashi ba.

Sanda yana zuwa yana komawa hannu wofi, har ya fara zagayawa ta bayan rumfa don kada mu haɗa ido. Mai ɗakin Sabo ya aiko ko ina so ko ya ba wani. Na ce ya ba wani. Dariyar tasha zan iya da ita, na ma fara sabawa. Jiya da suka kaɗa galan, na ce musu kiɗan bai yi daidai ba, su zo ranar Lahadi a koya musu. Shirunki ne ban san yadda zan yi da shi ba.

Ƙanwarki,
Naomi.

*

Dutsin-Ma,
Watan Rabi'us Sani.

Zuwa ga ƙanwata Naomi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa lafiya, ba ita ta hana ni rubutu ba. Ki duba saman takardar nan da kyau. Sai da na gwada rubuta shi a bayan wata tsohuwar ambulan kafin in sa shi a nan, don kada hannuna ya zame zuwa inda ya saba.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Da na karanta wasiƙarki na yi kuka, kukan wanda aka ba abu aka karɓe. Bayan ya wuce sai kunya ta zo, ita ce ta daɗe. Na ɗauko waccan wasiƙar na sake karantawa a nutse, har inda hawaye ya hana ni a da. Ga shi ƙarara kin ce ba za ki ƙara ɓoyewa ba. Me mai shirin musulunta take ɓoyewa shekara da shekaru? A makarantar allo, Malaminmu ba ya barin mu wuce harafi sai mun tabbatar da wasalinsa. Ni kuwa na ga baƙi, na ɗora masa wasalin da zuciyata ke so. Ban tsaya nan ba, na aika da labarin da ban tabbatar ba, na tara miki jama'a. Ƙullun da ya zube, da hannuna a ciki. Ki yafe min.

Burina yana nan, ba zan ce ya tafi ba. Zan ci gaba da yi miki addu'a irin tawa, na san ke ma kina yi min irin taki. Amma mace ta tsaya ita kaɗai a gaban tasha guda, ga ciniki ya dawo har bakin tanda, ta zaɓi gaskiya, ni ban san wadda zan yi alfahari da ita ba in ba ita ba. Da kin bi bakin Liman da wata zuciya daban, da ni na jawo miki munafunci, kuma da an tambaye ni gobe.

Amsar tambayarki ke nan. Yarinyar da aka kawo gidanmu da akwatin ƙarfe ita na ɗauka. Sunan da mahaifinta ya raɗa mata haƙƙinta ne.

Kin dai ji Hassana ta sauka, mace. Ranar Alhamis suna, ina nan tafe in sha Allahu. Wainar suna ke za ki yi. Na riga na aika wa dangin mijinta cewa ta ƙanwata Naomi ce, Kirista ce, naman kuma na Malam Labaran ne, mai ci bismillah. Hijabin ki ba mai jego, zai yi mata. Carbin ki ajiye min.

Shi kuma Hamisu na yi magana da shi. Wannan karon ni na yi ta faɗa, shi ya yi ta cewa na'am.

Taki har kullum,
Yaya Harira.

*

Kawo, Kaduna,
Oktoba.

Yaya Harira,

Na gaishe ki. Ya gajiyar suna, ya hanya? Sanda ya ce kun isa lafiya. Mai jego da jaririya suna nan ƙalau, jiya na kai musu kunun kanwa.

Na yafe, tun kafin ki roƙa. Ranar suna ma na so in faɗa miki, amma kina riƙe da hannuna kina zagayawa da ni ɗaki ɗaki, kina cewa ga ƙanwata Naomi, har surukar Hassana ta ce, "Hajiya, mun ji, mun haddace." Na ga waɗanda suka ture farantin gefe. Na kuma ga waɗanda suka ƙulle saura a leda.

Ga labarin tasha. Ban san me kika ce wa Hamisu ba, amma kullum da safe sai ya zo ya zauna a benci, ya juya fuskarsa wajen titi don kowa ya gan shi. Yana ci fuska a ɗaure kamar mai shan magani. Shekaranjiya dai ya nemi ƙarin miya. Malam Labaran ma ya zo da kansa ya kawo min nama, ya tsaya a gaban 'yan kamasho ya ce, "Naman da kuke wa tsiya ni na yanka. Mai tambaya ya same ni a mahauta." Suna nan suna kaɗa galan jefi-jefi, wasu kuma ba za su dawo ba, na sani. Benci ɗaya yana cika yanzu. Ɗayan na ɗora robar ƙullu a kansa.

Yau da safe an yi ruwa, ya jiƙa wa Bara'atu itace. Ina kallonta ta gefen ido tana ta fifita, hayaƙi kawai ke tashi, ga masu ƙosai sun fara taruwa. Ta daɗe tana yi. Can sai ta taso da marfin tukunya a hannu, ta tsaya a bakin rumfata tana kallon ƙasa. Ta ce, "Ke Nawumi, ko yaya ne ma ake faɗa, ɗan sam min wuta."

Na ce, "Naomi."

Ta ce, "To ai abin da na faɗa ke nan."

Na cika mata marfin da garwashi.

Ƙanwarki,
Naomi.